Eaton Hall: gidan da ya yi jinyar sojoji a yaƙi biyu, masu shi kuma suka rushe abinsu

Duk wanda ya taɓa bin tarihin manyan sojojin Najeriya na farko-farko zai ci karo da wani suna, Eaton Hall. Ojukwu can ya samo anininsa na farko a 1958, bayan ya biyo ta Teshie a Ghana. Adekunle Fajuyi, wanda aka kashe tare da Ironsi a Ibadan a watan Yulin 1966, shi ma can ya yi horon zama hafsa a 1954. Kenan cikin gwamnonin soja da aka naɗa wa yankuna a Janairun 1966, aƙalla biyu ta gidan nan suka biyo. Ni dai da nake ganin sunan na ɗauka wani bariki ne irin Jaji, ashe ba bariki bane sam, gidan wani attajiri ne guda ɗaya, kuma gidan ma yanzu babu shi, an baje shi tun farkon shekarun 1960. Kafin zuwan su Ojukwu kuma sau biyu yana zama asibitin sojoji, a Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu.

Abun da ya tsaya min a rai shi ne, ba bam ne ya faɗa masa ba, ba gobara ba, ba gwamnati ce ta ƙwace ta rushe ba. Masu shi ne da kansu suka kawo ƴan kwangila, kuma masu shin nan har gobe suna sahun farko na masu kuɗin Birtaniya. In ka tambayi Bature me ya cinye manyan gidajen ƙauye na Ingila zai ce maka yaƙi ne da haraji, sojoji sun lalata, gwamnati ta tatse masu gidan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma labarin Eaton bai zauna daidai a cikin wannan bayanin ba, shi yasa nake ganin ya fi sauran daɗin tonawa.

Gidan yana kudu da birnin Chester, kusa da wani ƙauye Eccleston, a bakin kogin Dee, dab da iyakar Wales. Na zuri'ar Grosvenor ne, waɗanda ke riƙe da sarautar Duke na Westminster (Duke shi ne mafi girman muƙami a cikin masu sarautar gado na Birtaniya in aka cire gidan sarki). Kuma asalin arzikinsu ba daga gonakin da ke kewaye da gidan ya fito ba, daga aure ya fito. A 1677 Sir Thomas Grosvenor ya auri wata yarinya ƴar shekara 12, Mary Davies, wadda ta gaji wasu filaye masu dausayi a bayan garin Landan na lokacin, filin da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, sai ga shi gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye wurin, yau shi ne unguwannin Mayfair da Belgravia da Pimlico. Ka riƙe wannan a ranka domin za mu dawo kansa: kuɗin haya daga Landan yake zuwa, gidan ƙauyen shi aikinsa cin kuɗin ne.

Kuma rushe gida a sake wani ba baƙon abu bane a wurinsu. An yi gidan bulo a ƙarni na 17, a farkon ƙarni na 19 wani mai zanen gini William Porden ya mayar da shi wata siffa daban, William Burn ya zo ya sake taɓa shi, sai Hugh Lupus Grosvenor, wanda Sarauniya Victoria ta naɗa Duke na farko a 1874, ya ɗauko Alfred Waterhouse, mutumin da ya zana babban ɗakin taron birnin Manchester da gidan tarihin halittu na Landan. An fara aiki a 1870 aka shafe shekara 12 ana yi, kuɗin ya haura rabin miliyan na fam a zamanin da lebura baya samun fam ɗaya a sati. Salon Gothic ne, wato irin na tsoffin coci-cocin Turai masu tsini da hasumiyoyi da tagogi dogaye. Ɗakunan kwana kusan 150, ga coci na gida, ga bargar dawaki da ta fi gidajen mutane da yawa kyau, ga hasumiyar agogo mai tsawon ƙafa 175 da ta yi kama da Big Ben, a cikinta ƙararrawa 28 da ake kaɗawa da wani sauti na maraba in maigida ya dawo daga tafiya. A 1896 har ɗan siririn layin dogo aka shimfiɗa musu, faɗinsa inci 15, daga tashar Balderton zuwa gidan, babban aikinsa jigilar kwal da kaya. Ka ji fa, gidan da sai an yi masa jirgin ƙasa nasa na kansa kafin a iya ɗumama shi.

Wani abu da mutane basu cika lura da shi ba: Waterhouse ya yi wa iyalin wani sashe daban a gefe, madaidaici, a nan suke zamansu na yau da kullum. Babban ginin na baƙi ne da shagali da nuna isa. Har ana ruwaito cewa shi kansa Duke ɗin da aka gama ya ce yanzu da ya gina fada, ji yake ina ma a bukka yake zaune. Kenan tun ranar farko masu gidan basu ɗauki babban ginin wurin kwana ba, kayan aiki ne.

Aikin me? Mulki. A Ingila ta wancan zamanin ƙasa ita ce iko. Mai babban gida shi ke da gonakin da manoma ke haya, shi ke shari'a a yankin, shi ke nuna wanda za a zaɓa ɗan majalisa, shi kansa kuma yana da kujerar gado a majalisar dattawa. Gidan nan ne ake tara ministoci da ƴan gidan sarauta a ƙarshen mako, a yi farauta da rana a ci abinci da dare, a ƙulla aure a ƙulla siyasa. Kamar dai fada, in ba fadanci ba ƙofar gida ce kawai mai faɗi. To abun dariyar shi ne lokacin da ake ɗora tubalan Eaton, ƙasan wannan tsarin ya riga ya fara zaizayewa. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkama mai araha ta fara kwararowa daga Amurka da Kanada, jiragen ruwa masu firji suka fara kawo nama daga Ostareliya da New Zealand da Ajantina, farashi ya faɗi, kuɗin hayar gona ya bi shi. A 1884 aka ba leburorin gona ƙuri'a, a 1888 aka kafa majalisun gundumomi na zaɓe suka karɓe yawancin aikin da masu ƙasa ke yi, a 1894 aka kawo harajin gado, a lokacin mafi yawansa kashi 8 cikin ɗari ne amma masu ƙasa suka yi ta kururuwa kamar an yanka su. A 1909 Lloyd George, yana ministan kuɗi, ya tsaya a Newcastle ya ce ɗawainiyar Duke guda ɗaya ta kai ta manyan jiragen yaƙi biyu. A 1911 aka karya ƙarfin majalisar dattawan. Duk wannan kafin a harba harsashi ko ɗaya.

Sai yaƙi ya zo a 1914, kuma a nan ne zancen asibiti ya shigo. Ba wanda ya shirya wa yawan masu raunin da aka samu. Ranar farko ta gwabzawar Somme a Faransa kaɗai, 1 ga Yulin 1916, sojojin Birtaniya sama da 57,000 ne suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace, matattu sun haura 19,000, a yini ɗaya. Asibitocin soja ba za su iya ɗauka ba ko da an jera mutane a ƙasa. Yanda abun ke tafiya shi ne, a ɗauko mutum daga ramin daga a ɗaure masa rauni, a kai shi tashar jinya ta bayan fage, daga nan jirgin ƙasa zuwa gaɓar tekun Faransa, jirgin ruwa ya tsallako da shi, wani jirgin ƙasan ya kai shi babban asibitin soja inda ake tiyata. In ya ɗan samu, ana buƙatar gadonsa saboda wasu na hanya, sai a tura shi ƙaramin asibiti na wucin gadi ya ƙarasa murmurewa. Irin waɗannan ƙananan asibitocin sun haura 3,000 a faɗin ƙasar, ƙungiyar Red Cross da ta St John ne suka haɗa kai suke kula da su, a makarantu, a ɗakunan taro, da kuma manyan gidajen ƙauye.

Kuma gaskiya in ka duba, gidajen kamar don haka aka gina su. Falo mai tsawo da zai ɗauki gadaje a jere, tagogi manya iska na shiga, kicin da ya saba dafa abincin mutum ɗari, ɗakin wanki, lambun kayan miya, shanun madara, fili na shan iska. A zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su penisilin, tsafta da iska da abinci mai kyau su ne rabin magani. Uwargida ta zama shugabar asibiti, a kawo nas-nas ƙwararru ƴan kaɗan, likitan gari ya riƙa leƙowa, sauran aikin kuma ƴan sa-kai ne ke yi, yawanci ƴan mata ƴaƴan masu hali da basu taɓa wanke ko kofi ba, sai ga su suna kwashe fo suna goge ƙasa. Majinyatan kuma ana basu wani yunifom shuɗi da jan laktaye domin a gane su in sun fita gari. Yaron da ya taso a lungun masana'anta a Liverpool, iyalinsu takwas a ɗaki biyu, sai ya farka ya ga rufi mai ruwan zinare a saman kansa. Ban jin akwai wanda ya kwanta a irin wannan ɗakin ya koma gida da tunanin da ya zo da shi game da masu kuɗi da talakawa.

Eaton ma haka aka ware wani sashe nasa aka yi asibiti. Masu gidan kuwa suna can wajen yaƙin. Matar Duke na biyu, Constance, ta tsallaka Faransa ta buɗe asibitin Red Cross a Le Touquet, a cikin wani gidan caca da aka kwashe teburansa aka jera gadaje. Shi kuma mijin, wanda ake wa laƙabi da Bendor, motoci masu sulke ƙirar Rolls-Royce yake jagoranta, kuma a Maris na 1916 ya ratsa hamada daga iyakar Masar zuwa Bir Hakeim a Libiya ya ƙwato wasu ma'aikatan jirgin ruwan Birtaniya da ke tsare a hannun mayaƙan Sanusiyya. E, Sanusiyyar nan dai da muka sani, wadda a ƙarshen wannan shekarar Kawusan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas da goyon bayanta. Duniya ba faɗi gare ta ba.

Yanzu tambayar: asibitin ne ya kashe gidan? A'a. Asibitocin yaƙin farko ma basu cika yin ɓarna ba, domin da yardar masu gida aka yi, uwargida na nan tana sa ido, an kwashe kayan alfarma an kulle a wani ɗaki, an rufe bango da katako. Gidaje da yawa sun yi wannan aikin kuma suna nan daram, Dunham Massey da ke can gefen Manchester ya yi jinyar sojoji daga 1917 zuwa 1919, yau ƴan yawon buɗe ido ke shiga suna kallo. Ɓarnar da yaƙin farko ya yi ba a bango take ba, a jikin mutane take. Magada da yawa sun mutu a fagen daga, domin ƙananan hafsoshi su ne ke fara fita daga rami kuma yawancinsu ƴaƴan irin waɗannan gidajen ne. Sannan barori. Kafin yaƙin mata sama da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen mutane a Ingila da Wales, yaƙi ya buɗe musu ƙofar masana'antar harsashi da ofis da kanti, albashi ya fi, kuma in an tashi aiki ka tashi kenan ba mai kaɗa maka ƙararrawa da tsakar dare, to wa zai koma? Gida irin Eaton kuwa ba lantarki ke tafiyar da shi ba, hannaye ne, mai hura wuta a murhu ɗari, mai ɗaukar ruwan zafi zuwa bene, mai goge azurfa, mai hawa rufi ya share indararo. A 1919 kuma harajin gado ya kai kashi 40.

Su Grosvenor duk da haka basu ji a jikinsu sosai ba, saboda hayar Landan na shigowa. Amma ka lura da abun da Bendor ya yi da katafaren gidansu na cikin Landan, Grosvenor House a titin Park Lane: sayarwa ya yi, aka rushe a 1927 aka gina otal a wurin. Ba talauci ya sa shi ba, lissafi ne, filin ya fi gidan daraja.

Yaƙi na biyu shi ne ya zo da wani salo daban. Wannan karon ba roƙo ake ba, dokar ta-ɓaci ta 1939 ta ba gwamnati ikon karɓe duk ginin da take so, wani lokacin da sanarwar ƴan kwanaki. Masu wayo suka yi maza suka miƙa gidajensu ga makarantun ƴan mata ko asibiti tun kafin soja su zo, domin kowa ya san wanda aka jibge wa bataliya ya shiga uku, a fasa matakala a hura wuta da ita, a yi wasan jifa da hotunan kakanni, manyan motoci su tattake lambu. Eaton ya sake zama asibiti, sannan da jiragen Jamus suka jefa bam a kwalejin sojan ruwa ta Dartmouth a 1942, sai aka kwaso ɗaliban aka kawo su nan a 1943, suka zauna har 1946. Suna fita sojan ƙasa suka shigo suka mayar da shi makarantar horar da ƙananan hafsoshi, lokacin ana ɗibar samari aikin soja na dole, ana buƙatar wurin da za a riƙa ƙyanƙyashe laftana-laftana cikin ƴan watanni. Cikin wannan ayarin ne samarin Afirka ta Yamma suka riƙa zuwa, Turawa na shirin miƙa mulki suna gaggawar samar da hafsoshi ƴan ƙasa. A 1958 aka rufe makarantar aka mayar da horon makarantar hafsoshi ta Mons da ke garin Aldershot.

Ka lissafa, kusan shekara ashirin gidan na hannun hukuma. Kuma abun da ke kashe irin wannan ginin ba takalmin soja bane, ruwa ne. Rufin Gothic duk lunguna ne da kwaruruka da hasumiyoyi, kowane lungu akwai magudanar darma a ɓoye, ganye ya toshe ɗaya ruwa ya taru ya fara tsiyaya cikin katako ba wanda ya gani. A da akwai ma'aikatan da aikinsu kenan shekara da shekaru, sun san kowane lungu kamar tafin hannunsu, ɗan haya kuwa ina ruwansa. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san zancen, damina biyu ba yaɓe ba gyaran indararo ka ga soro ya fara rufta. A can kuma in katako ya jiƙe a wurin da ba iska, wata irin fumfuna ce ke kama shi, tana cin sa daga ciki kamar gara, tana iya ratsa bulo ta tsallaka wani ɗakin, daga waje fenti lafiya lau, ka danna da yatsa ya marmashe. Ita aka tarar a rufin Eaton da aka dawo musu da gidan wajen 1960. Sauran masu gidaje ma ko suna da kuɗin gyara ba dama, domin bayan yaƙin sai da lasisin gwamnati ake aikin gini, kayan aiki an ware su don sake gina biranen da aka yi wa ruwan bam, ba a soke wannan ba sai 1954.

Harajin kuma ya kai maƙura, kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi daga 1949. Bendor ya mutu a 1953, aure huɗu ya yi amma bai bar ɗa namiji ba, ɗansa tilo ya rasu yana ɗan shekara huɗu a 1909. Harajin da aka yanka wa gadon ya kusa fam miliyan 20, sai da aka sayar da unguwar Pimlico aka kuma shafe shekaru ana biya. A nan ne masu cewa haraji ya kashe Eaton suke kafa hujja. Amma duba da kyau mana, Mayfair da Belgravia suna hannunsu, a daidai wannan lokacin ma suna zuba jari a Kanada. Da suna son rufin da sun gyara rufin. Abun da babu shi ne mai son zama a ciki. Sarautar ta koma hannun wani ɗan uwa mara lafiya da ke zaune shiru a wani ɗan gida can kudu, masu jiran gado na bayansa kuma kowa na da gidansa madaidaici da ya saba da shi, ɗaya a Saighton nan kusa, ɗaya a Ireland ta Arewa. Amintattun da ke riƙe da dukiyar suka duba: ga gini mai ɗaki 150, ba barori, ba ministan da zai zo a ƙulla siyasa da shi domin siyasa ta koma hannun jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, ba ya kawo ko sisi, rufi na ruɓewa. Ni a ganina yaƙe-yaƙen nan ma jinkirta masa ajali suka yi, domin su ne suka ba shi aikin yi na ƙarshe, kuma wataƙila tunda aka gina shi bai taɓa cika da mutane kullum-kullum ba sai a shekarun da yake asibiti da makaranta.

Saura abubuwa biyu da da sun tsaya masa, duka kuma basu tsaya ba. Na farko ɗanɗanon zamani. Yau in Bature ya ga ginin zamanin Victoria sai ya hau ɗaukar hoto, amma a shekarun 1950 kallon shirme ake musu, wai tarkace ne na masu sabon kuɗi, duhu, nauyi, kwaikwayon tsohon zamani. Gidajen ƙarni na 18 su ne ake ganin sun cancanci ceto, kuma su ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi ta fi karɓa a shirin da ta fara a 1937. Ƙungiyar kare gine-ginen zamanin Victoria ma sai 1958 aka kafa ta, kuma tana ji tana gani aka rushe babbar ƙofar tashar Euston a Landan a 1961 zuwa 1962 duk da ihun da ta yi. Wanda ya kasa ceton abun da ke tsakiyar Landan ina zai iya da wanda ke bayan katangar wani Duke. Na biyu doka. An fara rajistar gine-ginen tarihi tun bayan yaƙi, amma a lokacin mai gida sanarwa kawai zai bayar cewa zai rushe, in hukuma bata motsa ba cikin wata biyu shikenan. Sai a 1968 aka juya abun, ya zama dole ka nemi izini tukuna. Eaton ya riga ya tafi, an fara rushe shi a 1961 aka gama a 1963.

Kuma ba shi kaɗai ba. A 1955 an ƙiyasta duk kwana biyar sai an rushe babban gida ɗaya, jimillar waɗanda Ingila ta rasa a ƙarni na 20 ta haura 1,000. Rushewar kanta sana'a ce, darmar rufi kuɗi ce, katakon bango da murhun marmara da matakala dillalai na jira, wasu har Amurka ake kai su, wani lokacin gidan a tarwatse ya fi shi a tsaye tsada. Sai a 1974 da gidan tarihi na Victoria da Albert ya yi wani baje koli, aka jera hotunan ɗaruruwan gidajen da aka rasa a bango ɗaya bayan ɗaya, sannan hankalin jama'a ya tashi, shekara ɗaya bayan nan aka kafa ƙungiyar SAVE mai fafutukar ceto tsoffin gine-gine. Ihu bayan hari.

Ban ce kowa ya zauna ya yi kuka ba fa. Akwai masu cewa, kuma ban ga laifinsu ba, gidajen nan da gumin wasu aka tsayar da su, yarinyar da ke tashi ƙarfe biyar na asuba cikin sanyi tana hura murhu bata yi asarar komai ba da aka rushe, kuma harajin da ake ta tsine wa a ƙasar da ta kafa asibitin kyauta ga kowa a 1948 aka karɓe shi. Abun da ke ba ni haushi ni shi ne aikin hannun da ya tafi a banza, shekara 12 na sassaƙar dutse da ƙira da zane, gini ya yi shekara tamanin kacal, kuma da an ƙara haƙurin shekara goma da wuya doka ta bari a taɓa shi.

Abun da suka gina a madadinsa kuwa sai da ya zama abin tsokana. Duke na biyar ya sa wani surukinsa, John Dennys, ya zana masa gida na zamani, fari fat mai shafaffen rufi, aka gina daga 1971 zuwa 1973, masu suka suka ce ya fi kama da ofishin masana'anta. Ba a yi shekara ashirin ba aka sake lulluɓe shi da wani dutsen aka ɗora masa rufi mai tsini irin na gidajen sarautar Faransa, daga 1989 zuwa 1991. Hali zanen dutse.

Darasin haraji kam sun koye shi da kyau. Da Duke na shida ya rasu a 2016, ɗansa Hugh yana ɗan shekara 25 ya hau kan dukiyar da aka ƙiyasta ta kai wajen fam biliyan 9, kuma ba a yanki kashi 40 ɗin da ake yanka a gadon sauran mutane ba, domin dukiyar ba da sunan mutum ɗaya take ba, tana hannun amintattu ne, su kuma wani ɗan kaso suke biya duk shekara goma. Shi wannan Duke na shidan ya daɗe a rundunar sojan sa-kai har ya kai manjo janar, kuma kafin rasuwarsa ya sayi wani babban gidan ƙauyen, Stanford Hall kusa da Loughborough, ya zuba miliyoyin fam daga aljihunsa domin a mayar da shi cibiyar farfaɗo da sojojin da suka rasa ƙafa ko hannu a irin su Iraƙi da Afganistan, aka buɗe a 2018.

A Eaton kuwa ba duka aka baje ba. An bar cocin, an bar bargar dawakin, an bar ƙofar ƙarfen nan mai ruwan zinare da ta girmi ginin Waterhouse ɗin kansa, an kuma bar hasumiyar agogon. Ƴan kwanaki a shekara ake buɗe lambun ga jama'a a tara kuɗin sadaka, in ka shiga za ka ganta tsaye ƙafa 175, an auna tsawonta ne da wani gini da ba ya nan, gidan da ke gefenta yanzu ko kafaɗarta bai kai ba.